Zamiya a Kan Ƙanƙara: Yadda Ɗan Bauchi Zai Fara Koyo Tun Daga Tsakar Gida

Duk shekara matasanmu suna fita karatu waje, wasu Masar, wasu Turkiyya ko Malesiya, wasu Rasha ko Ingila. 'Yan kasuwarmu kuma ba sa rabo da Dubai. A irin waɗannan wurare, ko ba jima ko ba daɗe wani aboki zai ce a je filin ƙanƙara, a miƙo maka takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa, a ce bismillah. Nan za ka ga ƙaton da ke buga ƙwallo a Yelwa har magariba ya rungume katangar gefe yana salati, 'yar shekara 6 tana wuce shi fuu.

Ba ƙarfi ya rasa ba. Tsoro ne ya miƙar da shi tsaye ƙyam, miƙewar kuwa ita ke kayar da mutum a kan ƙanƙara. Wanda gwiwarsa ta saba da lanƙwasa, ya iya faɗuwa ya iya tashi, ya ci rabin aikin, kuma wannan rabin ba ya buƙatar ƙanƙara ko kaɗan. A nan Bauchi za ka yi shi.

Kada zafin garinmu ya sa ka ɗauka wasan ba naka ba ne. Filayen da ake koyo a cikinsu yawanci a cikin gini suke, bututai ne a shimfiɗe ƙarƙashin daɓe suna daskarar da ruwan da aka zuba a kai. Shi ya sa ake da babban fili a cikin Dubai Mall, a tsakiyar hamada, ake kuma da wani a otal ɗin Panari da ke Nairobi tun 2005. Erin Jackson, wadda ta ci zinare a tseren mita 500 a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin a 2022, 'yar jihar Florida ce mai zafi a Amurka, kuma da takalmin taya ta tashi. Watanni huɗu kacal ta yi tana horon tsere a kan ƙanƙara ta samu gurbin zuwa gasar 2018.

Fara da ƙafarka, babu takalmi

Ka ɗauki mako biyu ko uku kana wannan a ɗaki, minti 10 a rana ya isa. Tsaya da ƙafa ɗaya, gwiwar a ɗan lanƙwashe, har daƙiƙa 30, sannan ka sauya. Idan ya zama wasa, rufe ido ka sake. Za ka ji idon sawunka yana rawa yana neman daidaito. Wannan rawar ita ce horon. Bayan haka jingina bayanka da bango, ka sauko da ƙugu kamar za ka zauna alhali babu kujera, ka daure daƙiƙa 20 zuwa 30. Cinya za ta yi zafi. Gara ta yi zafin a gida.

Muna da wata riba da ba mu lura da ita ba. Mutumin da ke alwala a tsugune, yake cin abinci a kan tabarma, yake tashi daga ƙasa sau da yawa a yini, gwiwarsa da idon sawunsa sun riga sun saki.  Kai ka iya, gyara kawai za a yi maka.

Takalmin taya

Mataki na biyu shi ne takalmin taya, kuma irin mai tayoyi a jere ɗaya za ka nema, ba mai biyu gaba biyu baya ba. Mai jere ɗaya shi ya fi kusa da na ƙanƙara, domin a kan siririn layi kake tsaye, kana iya karkata ciki ko waje. Asalin yaɗuwarsa ma daga nan ne: wasu 'yan'uwa biyu masu wasan hoki, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara, a jihar Minnesota ta Amurka, Scott da Brennan Olson, su suka farfaɗo da shi wajen 1980 don su riƙa horo idan ƙanƙara ta narke, daga nan kamfanin Rollerblade ya samo asali.

Idan na gwanjo za ka saya, kada kyan launi ya ruɗe ka. Juya kowace taya da yatsa ka ji ko tana gudu ba ƙara. Duba robar jiki ko ta tsage, musamman wajen dunduniya. Matsa wuyan takalmin da hannu: idan ya lanƙwashe gefe cikin sauƙi, ajiye shi, ba zai riƙe maka idon sawu ba. Ka tabbata maɓallan ɗauri suna kamawa, kuma robar birki tana nan a bayan ƙafa ɗaya. Tare da shi ka nemi hular kwano, ta keke ma ta yi, da kariyar gwiwa da ta gwiwar hannu da ta wuyan hannu. In kuɗin bai kai duka ba, hular da kariyar wuyan hannu su ne gaba, don mai faɗuwa hannu yake fara miƙawa.

Wurin koyo: siminti mai laushi, shimfiɗaɗɗe, marar gangara. Filin ƙwallon kwando, ko barandar makaranta bayan an tashi idan an ba ka izini, ko tsakar gida mai daɓen siminti. Ka share shi da kanka kafin ka fara. Tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da taya cak ta wurgar da kai, ga shi a lokacin hunturu yashi ba ya ƙarewa. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi, balle a watan Maris da Afrilu.

Titi kuwa babu shi a lissafi. Yaran da ke kama bayan keke napep ko tifa suna shan iska ba gwaninta suke nunawa ba, ganganci ne. Wanda bai iya tsayawa ba ba shi da abin nema a shataletalen Wunti.

Duk abin da zan faɗa a ƙasa game da tsayuwa, taku, faɗuwa, tashi da turawa, ka fara gwada shi a kan taya. Birki ne kawai ya bambanta, za mu zo kansa.

Ranar shiga fili: sutura da takalmi

Ƙanƙarar tana 'yan digiri kaɗan ƙasa da sifili, amma iskar ɗakin ba ta kai haka ba. Wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Janairu ba zai ji baƙon abu ba. Kada ka jibga kaya. Riga mai dogon hannu, suwaita a kai, dogon wando mai sakewa, shi ke nan. Minti 10 da farawa za ka fara gumi. Safar hannu dole ce, ba don sanyi kaɗai ba, don ƙanƙarar da aka tattaka tana kankare fata. Safar ƙafa guda ɗaya, siririya, doguwa da ta wuce wuyan takalmi. Masu ninka safa biyu don tsoron sanyi su ne ke fita da bororo.

Babbar riga da dogon kaftani a bar su a masauki. Ke kuma 'yar'uwa, ba sai kin bar suturarki ba, sai dai ki zaɓi wadda ba ta jan ƙasa: wando mai faɗi da ya tsaya a idon sawu, riga zuwa gwiwa, ƙaramin hijabi da za ki cusa gefensa cikin suwaita. Doguwar abaya da mayafi mai lilo suna iya shiga ƙarƙashin ƙarfen takalmi, naki ko na wani. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sanye da hijabi ta yi gasannin zamiya a kan ƙanƙara na ƙasa da ƙasa.

A yawancin filaye ana ba da hayar takalmi. Faɗi lambar ƙafarka, amma kada ka yarda da lamba, ka yarda da abin da ƙafarka ta ji. Ya kama ka tsam: yatsu su ɗan taɓa gaba amma su iya motsi, dunduniya kada ta ɗaga idan ka lanƙwasa gwiwa. In ya yi yawa, koma ka canza, ba abin kunya ba ne. Sau da yawa wanda ya dace yakan gaza takalminka na yau da kullum da lamba ɗaya.

Iri biyu za ka tarar. Na masu salo, wato masu juyi da tsalle a kan ƙanƙara, yana da dogon ƙarfe da haƙora a gaba. Na 'yan hoki ƙarfensa gajere ne, mai lanƙwasa gaba da baya, babu haƙora. Ga sabon shiga na fi son na farkon, don tsawonsa yana rage faɗuwa ta baya. Amma wanda ya riga ya saba da taya yakan fi jin daɗin na hoki. Haƙoran nan na masu tsalle ne, ba na turawa ba ne kuma ba birki ba ne. In ka jingina gaba da yawa suka caki ƙanƙara, da fuska za ka sauka.

Ɗaurin igiya shi ne inda mutane da yawa ke ɓata ranarsu tun kafin su shiga. Buga dunduniya ta zauna a bayan takalmi. Wajen yatsu ja igiya daidai wa daida. Wajen lanƙwasar idon sawu ja da ƙarfi, nan ne asirin. Can sama kuma ɗan sassauta, yadda yatsa ɗaya ko biyu za su shiga tsakanin ƙwauri da harshen takalmi, don gwiwa ta samu tafiya gaba. Ragowar igiya a ɗaure ta, kada a bar ta tana lilo. Sai ka miƙe a kan shimfiɗar roba ta bakin fili ka ɗan taka. Idan ƙafafunka suna kifewa ciki, ɗaurin bai yi ba, zauna ka sake.

Taku na farko

Shiga ta ƙofa a gicciye, hannu biyu a kan katanga, ƙafa ɗaya sannan ɗaya. Tsaya nan ka ji yadda abin yake. Ƙarfen da ke ƙarƙashinka kaurinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma ƙasansa ba a shafe yake ba: akwai ɗan kwari a tsakiya, da kaifi biyu, na ciki da na waje. Gaba da baya yana sulɓewa, amma a gefe kaifin yana cizon ƙanƙara. Duk wasan a kan wannan ya ginu.

Ga tsayuwar da za ka riƙe: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a lanƙwashe har su rufe maka ganin yatsunka, ƙirji ya ɗan zo gaba, hannaye a buɗe a gabanka daidai ƙugu, ido a kan inda za ka, ba a kan ƙafa ba. Kai yana da nauyi. In ka sunkuyar da shi, jiki zai bi shi.

Yanzu taka. Ba irin tafiyar titi ba, inda dunduniya ke fara sauka. Ɗaga ƙafa kaɗan ka ajiye ta gaba ɗaya a shimfiɗe, yatsu suna ɗan kallon waje, taku ƙanana. Zagaya fili sau ɗaya da hannu ɗaya a katanga. A zagaye na biyu hannun ya riƙa shafarta kawai. A na uku matsa taku biyu daga gare ta. Kada ka daɗe a jikinta, domin mai riƙe da katanga jikinsa a karkace yake, yana koyon tsayuwar da ba ita zai yi amfani da ita ba.

Da zarar ka ji za ka tafi, kada ka miƙe kana fafutuka da hannu. Yi ƙasa, dafa gwiwoyinka da tafin hannu biyu. Sau da yawa wannan kaɗai zai mayar da kai daidai.

Faɗuwa da tashi

Ka faɗi da gangan tun a mintunan farko, kafin ƙanƙara ta zaɓa maka lokaci. Tsuguna sosai, ka saki jiki gefe ɗaya, ka sauka a kan cinya da mazauni. Haɓa a manne da ƙirji don ƙeya kada ta bugu. Kada ka miƙe hannu ƙyam ka tare ƙasa, nan ake samun targaɗe da karayar wuyan hannu. Faɗuwa ta baya ita ce mafi muni, kuma mai tsaye ƙyam take samu. Kana kaiwa ƙasa ka dunƙule yatsunka ka janyo su jikinka, akwai masu wucewa da ƙarfe mai kaifi.

Tashi kuwa haka yake: juyo ka durƙusa a kan gwiwa biyu da hannu biyu. Kawo ƙafa ɗaya gaba ka kafa ƙarfenta a tsakanin hannayenka. Dafa wannan gwiwar da hannu biyu, ka danna, ka taso a hankali ka kawo ɗayar kusa da ita. Kada ka miƙe gaba ɗaya, tsaya a lanƙwashe. Maimaita har sai ka daina tunaninsa.

In aboki ya miƙo hannu zai ɗaga ka, shi ma jiya ya fara, ka ce masa, "Bari kawai, abokina, zan tashi." In ba haka ba ku biyu za ku kwanta. Wanda kansa ya bugu har ya ji jiri, ko amai, ko ya rikice, wasa ya ƙare a ranar, a kira ma'aikatan fili a nemi likita.

Daga taku zuwa zamiya

Yi taku huɗu ko biyar, sannan ka haɗa ƙafafu a jere ka bari su tafi da kai. Wannan ce zamiyarka ta farko, ko da ta mita ɗaya ce. Ka yi ta yi, kana ƙara tsawo.

Sai motsa jiki na biyu, wanda ba a ɗaga ƙafa. Haɗa dunduniyoyi, yatsu a waje. Lanƙwasa gwiwa ka danna kaifin ciki, ƙafafu za su buɗe da kansu kana tafiya gaba. Kafin su wuce faɗin kafaɗa da yawa, juyo da yatsu ciki ka janyo su su haɗu. Buɗe, rufe, buɗe, rufe. Wannan ne ke koya maka jin kaifin ciki, kuma idan ka juya shi, wato ka fara da yatsu a haɗe dunduniya a waje, shi ne zai fara kai ka da baya nan gaba.

Turawa ta gaskiya daga nan take fitowa. Nauyinka a kan ƙafar hagu mai kallon gaba, gwiwa a lanƙwashe. Juya ƙafar dama waje, ka tura da gefen ƙarfen gaba ɗayansa, zuwa gefe da ɗan baya, ba da yatsu ba. Zame a kan hagu, dawo da dama kusa da ita, sannan ka sauya. Sababbin shiga suna sauri suna ɗirkawa kamar ana korarsu. Kai ka ƙirga ɗaya, biyu a kan kowace ƙafa kafin ka sauya. Nan tsayuwar ƙafa ɗaya da ka yi a ɗaki za ta biya ka. Kowa yana da ƙafar da ya fi yarda da ita, ka ba raunanniyar ninki biyu na lokaci.

Kwana ba ta da wuya: juya kai da kafaɗu inda kake so, ka ɗan karkata, ƙafafu za su bi.

Birki

A takalmin taya akan tura ƙafa mai birki gaba, a ɗaga yatsu, roba ta gogi ƙasa. Wannan ɗabi'ar ka bar ta a Bauchi. A kan ƙanƙara babu roba a dunduniya, in ka ɗaga yatsu ka jingina baya, rigingine za ka yi.

Koma jikin katanga ka riƙe. Tura ƙafa ɗaya gefe, ƙarfen kusan a kwance, yana kankarar saman ƙanƙara har ka ga farin gari ya taru. In ta ƙi tafiya, ka danna kaifi da yawa, sassauta. In ta tafi babu kankara, ƙara dannawa. Da ka samu tsakiyar, gwada kana tafiya a hankali: ƙafafu a jere, yi ƙasa, juyo da yatsu ciki kaɗan, tura dunduniya waje, da ƙafa ɗaya ko duka biyu. Kada ka ƙara gudu fiye da abin da birkinka zai iya tsayarwa. Faɗa wa katanga da ƙirji ba birki ba ne, ko da kuwa ka ga rabin filin haka suke yi.

Ladabin fili

Jama'a gefe ɗaya suke zagayawa, galibi saɓanin tafiyar hannun agogo, bi su. Masu koyo a gefe, tsakiya ta masu juyi da darasi ce. Kada ka tsaya a bakin ƙofa, kada ku jeru ku huɗu riƙe da hannun juna. Waya a aljihu. In hoto kake so ka aika gida, tsaya a jikin katanga wani ya ɗauke ka. Idan aka busa usur aka ce a fita, motar gyaran ƙanƙara ce za ta shiga, irin wadda Frank Zamboni ya fara ƙerawa a Kalifoniya a 1949, tana aske sama tana shimfiɗa ruwa. Bayan ta fita filin ya fi santsi, ka shiga da hankali.

In da hali, je da safe a ranar aiki lokacin da ba cunkoso, kuma ka biya kuɗin darasi ko ɗaya ne. Mai koyarwa zai ga karkatar da kai ba za ka taɓa gani a jikinka ba. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa a farko. Yawancin munanan faɗuwa a ƙarshe suke zuwa, lokacin da cinya ta gaji gwiwa ta miƙe. Zuwa sau biyu a mako na ɗan lokaci ya fi yini guda cur sau ɗaya a wata.

Tafki ba fili ba ne

Wannan na ɗalibanmu ne da ke Rasha, Kanada da makamantansu. Za ka ga tafki ko kogi ya daskare, yara suna wasa a kai. Kada ka hau sai inda hukuma ta auna ta buɗe wa jama'a. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15 kafin mutum ɗaya ya hau, 20 idan taro ne. Mai launin toka alamar ruwa ce a ciki, ba a taka ta. Inda ruwa ke gudu a ƙasa, kusa da gada ko bakin magudana, ta fi siranta ko da sama ya yi kama da ko'ina. Kai da ba ka tashi a cikinta ba, ido ba zai gaya maka ba. Kuma ko a wurin da aka buɗe, kada ka je kai kaɗai.

Sayen naka

Kada ka sayi takalmin ƙanƙara sai ka ga kana komawa a kai a kai, kuma ka saya a shagon da za a gwada maka a ƙafa. In ka saya, goge ƙarfen da tsumma ya bushe duk bayan wasa, in ba haka ba tsatsa za ta ci kaifin. Sa masa murfin roba idan za ka taka wajen fili, amma cire shi kafin ka adana, don yana riƙe danshi. Kada ƙarfen ya taɓa siminti ko tayil. Idan ka ji ƙafa tana sulɓewa gefe lokacin turawa, kaifi ya dakushe, kai shi wurin masu gyaran kaifi a filin. Ba aikin mai wasa wuƙa ba ne, domin kwarin tsakiyar nan inji na musamman ke fitar da shi. Idan hutu ya zo za ka dawo gida, bar shi can a busasshen wuri, ka ci gaba da na taya a nan, kana sauya wa tayoyin wuri lokaci-lokaci don gefen ciki ya fi saurin cinyewa.